Hitarmu ta fara yoyo, ga haihuwa ga hunturu: in gyara ko in sauya?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Zariya, ina koyarwa a makarantar sakandare. Hitar dumama ruwa ta banɗakinmu tun ginin gidan take manne a bango, shekara 11 ke nan. Wata biyu da suka wuce ta fara ɗiga, ruwan kuma ja-ja kamar an jiƙa tsatsa. Satin jiya maiɗakina ta kama kan famfo ta ji wuta ta ɗan ja ta. Mai gyara na farko ya ce elimen, wato ƙarfen da ke dumama ruwan, kawai zai sauya, aikin kuɗi kaɗan ne. Na biyu ya ce in yar da ita. Abokina ya ce in sayi ta zamani marar tanki, ƙanina kuma ya ce sola. Maiɗakin nawa tana da juna biyu, a Disamba ake sa ran haihuwa, ga Hajiyata tana tare da mu, ciwon gwiwa ya hana ta alwala da ruwan sanyi. Yanzu da hitar tsomawa a bokiti muke lallaɓawa. Maiɗakina ta dage sai an sayi sabuwa babba, ni kuma ina lissafin asibiti da ragon suna, har kwana biyu muka yi ba ma wata doguwar magana. Ina mafita?

Magidanci daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya raba iyalinka da cikin nan lafiya.

Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka je inda akwatin wutar gidanka yake, ka sauke bireka, wato makunnin cikin akwatin, wadda ke kai wa hitar nan wuta. Kashe makunnin bango kaɗai bai wadatar ba. In ba ka san wace bireka ce tata ba, kira mai aikin wuta yau ya cire wayarta gaba ɗaya. A duk wasiƙarka babu layin da ya tayar mini da hankali kamar wanda ka ce wuta ta ja maiɗakinka a kan famfo. Ka ce "ta ɗan ja ta", amma a banɗaki babu ɗan ja. Mutum yana tsaye ba takalmi, ƙafa a jiƙe, hannu a jiƙe, abin da ya zo jiya da sauƙi gobe yana iya zuwa da ƙarfin da ba za a iya sakin famfon ba. Mace mai ciki ce ke shiga wurin, da tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ko zamewa ta yi wata magana ce.

Wannan jan yana gaya maka abu biyu a lokaci ɗaya. Na farko, wuta tana tserewa cikin ruwa ko jikin hitar, mai yiwuwa rigar ƙarfen da ta lulluɓe elimen ta tsage, ko yoyon ya jiƙa wayoyin da ke ƙarƙashi. Na biyu, kuma shi ne ya fi muni, gidanka ba shi da abin da zai kama wannan wutar kafin ta kai jikin mutum. Da wayar ƙasa, wadda masu aiki ke kira at, tana da kyau, kuma akwai bireka mai kama yoyon wuta, da tuni ta faɗi da kanta kafin hannun kowa ya kai famfo. Ka ga ke nan ko yau ka kawo sabuwar hita gal daga kwali ka ɗaura a kan wannan wayarin, rabin matsalar na nan.

Shi ya sa ban yarda da yadda ka dasa tambayar ba. Kai kana auna kuɗin gyara da kuɗin sabuwa. Ni kuwa ina ganin kuɗin farko da za ka fitar ba na hita ba ne sam. A sa mai aikin wuta da ya san aikinsa ya bi wayar nan mai launin kore da ruwan ɗorawa ya ga inda ta ƙare. Na sha ganin gidajen da aka buɗe makunnin hita aka tarar da ita a naɗe a ciki, ba a haɗa ta da komai ba, ko kuma sandar da aka kafa a ƙasa tsatsa ta cinye ta tuntuni. A kafa sabuwar sanda, a haɗa, a auna. Sannan a sa bireka irin wadda aka rubuta wa RCCB ko RCD, mai lamba 30mA a jikinta. Tana da ɗan maɓalli mai harafin T. Ka danna a gaban mai aikin, in wuta ta ɗauke nan take, tana aiki. Ka riƙa danna shi lokaci-lokaci. Hukumar NEMSA, mai kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya, tana ba masu aikin wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne ka tambayi mutum ko yana da ita kafin ka ba shi amanar banɗakin iyalinka.

Yanzu mu koma kan masu gyaran nan biyu. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, abin da zai raba gardama shi ne daga ina ruwan ke fitowa, kuma wannan kai da kanka za ka iya gani. Bayan an cire wuta, goge jikin hitar da tsumma ya bushe ƙarau, ka ɗauki tocila ka zauna minti goma. In daga inda bututu ya haɗu da ita yake ɗiga, aikin zare da ɗauri ne. In daga murfin ƙasa ne inda elimen ke shiga, robar da ke tsakani ce ta mutu, ana sauya ta. In daga ɗan bawul ɗin da ke kan bututun ruwan sanyi ne, kuma sai tana kunne yake ɗiga, wannan ma aikinsa yake yi. Amma in ruwan yana tsatsafowa daga jikinta, ta bakin ɗinkin ƙarfe ko ta bayan fenti da ya kumbura, to tankin ciki ya huje. Da jan ruwan da ka ambata da shekara 11 ɗin nan, zuciyata ta fi karkata can. Tankin da ya huje ba ya gyaruwa gyaran kirki. Cikinsa shafe yake da wani abu mai kama da tangaran don kare ƙarfe daga ruwa, walda kuwa ƙona shi take yi, sai a toshe rami ɗaya a buɗe wa tsatsa hanya a gefensa. Sabon elimen a ruɓaɓɓen tanki kuɗi ne za ka biya sau biyu, kuma na biyun zai faɗo maka ne a tsakiyar jego.

To in ta tabbata sauyawa za a yi, wace iri? Bari in fara da ta abokinka, marar tanki, mai dumama ruwa yayin da yake wucewa. Kyakkyawa ce a ido, ba ta cin wuri, kuma ba ta ajiye ruwa balle ya huce. Amma lissafinta ba ya tafiya da irin wutarmu. Kafin a ƙara wa ruwan da ke zuba lita 5 a minti zafin digiri 20, ana buƙatar kusan kilowat 7, wato wajen amfiya 30 a kan wutar bolt 230. Siririyar wayar da ke cikin bangonka ba za ta ɗauka ba, sai an ja sabuwa mai kauri tun daga akwati. Ƙananan cikinsu masu kilowat 3.5 kuwa, in ruwan tankin sama ya kwana cikin jaura, ɗan ɗumi kawai za su ba ka. In wuta ta zo da rauni abin ya ƙara lalacewa: ta sauka daga 230 zuwa 180, ƙarfin dumamawar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Uwa-uba, sai da wuta a daidai lokacin da ake wanka take aiki. Hajiya ƙarfe biyar na asuba take son ruwanta, ko akwai wuta ko babu. Mai tanki kuwa in ta yi zafi da daddare, za ta riƙe maka shi har safiya. Wannan kaɗai ya isa in ce ka bar shawarar abokin naka.

Maganar ƙaninka tana da ƙamshin gaskiya, amma a rarrabe. In yana nufin a jona hita da inbata da batura, a'a. Batir ɗaya mai bolt 12 da 200Ah abin da yake ɗauke da shi kusan yunit 2.4 ne irin na mita, kuma batirin ruwa rabin wannan ake so a ci in ana son ya daɗe. Dumama tanki ɗaya ya fi ƙarfinsa. Haka ƙaramin janareta na fitila da fanka. In kuwa yana nufin hitar rana ta ainihi, wadda ake ɗorawa a rufi da tankinta da bututan gilashi, rana ta dafa ruwan kai tsaye ba ruwanta da mita, wannan abu ne mai kyau ƙwarai a ƙasarmu, kuma ina mamakin yadda har yanzu ba ta yawaita a gidajenmu ba duk da ranar da Allah Ya hore mana. Sai dai kuɗin farkonta ya fi na ta lantarki nesa, tana son rufi ko ƙarfen da zai ɗauki nauyin lita 150 ko 200, a ja mata bututu, a riƙa hawa ana goge ƙurar hunturu daga gilashinta. Ajiye wannan a ranka zuwa lokacin da hannu ya sake. Bana ga asibiti ga suna.

Abin da ya rage shi ne mai tanki irin wadda ka saba, sai batun girma, inda kuka saɓa da maiɗakinka. A nan lissafi zai taimake ku duka biyu. Mu ɗauka ruwan famfo yana digiri 20, ana so ya kai 60. Lita 30 za ta ci kusan yunit 1.4, lita 50 kusan 2.3, lita 80 kusan 3.7. Da elimen mai wat 1500, ta farko awa guda take so, ta biyu awa ɗaya da rabi, ta uku awa biyu da rabi. Kuma ba wanda ke wanka da ruwan digiri 60, sirkawa ake yi. Lita 50 mai wannan zafin in aka sirka ta rabi da rabi, ta zama lita 100 ta ruwan ɗumi mai daɗi, bokiti biyar ke nan masu lita 20. Lita 30 ta ba da bokiti uku. Ƙirga mutanen gidanka da ke wanka da safe, ka ga inda kuka faɗa. A ganina lita 50 ta ishe ku. Lita 80 a unguwar da wuta ke zuwa awa ɗaya ta tafi, sau da yawa ruwan ba zai kai ga yin zafi ba, ka biya kuɗin girma ka samu ɗumi-ɗumi.

Sai abin da mita za ta riƙa ci. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka ware wa mafi yawan awoyin wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo 209.50 a watan Yuli na shekarar. A kan wannan farashin, dumama lita 50 sau ɗaya wajen naira 490 ne, a wata ya doshi 14,600, in safe da yamma ne ka ninka. Sauran rukunai suna biyan ƙasa da haka sosai. Ɗauko rasit ɗin katin da ka saya na ƙarshe, ka ga nawa yunit yake a layinku, ka buga da kanka. Wannan kuɗin ne mutane ke mantawa da shi ranar saye, sai wata ya ƙare a fara zargin yara da barin fitila a kunne.

In ka shiga kasuwa, kada ka tambayi kuɗin hita kawai. Tambayi kuɗinta har ta hau bango tana aiki: bawul, bututan haɗi biyu, makunni mai yanke waya biyu mai amfiya 20, waya mai lamba 2.5mm in ta ciki ta gaji, kusoshin bango, da ladan mai famfo da na mai wuta. Zaga shago uku a rana ɗaya, domin farashin kayan nan da dala yake tafiya, na makon jiya ba na yau ba ne. Ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. A buɗe kwalin a gabanka, ka ga takardar garanti, ka ga lambar jikin hitar ta dace da ta kwali, a rubuta maka rasit da wannan lambar. Sunan da ya fi tashe, kamar Ariston, shi aka fi kwaikwayo, don haka suna kaɗai ba hujja ba ne. Ka kuma tambaya ko ana samun elimen da na'urar kashe-kanta, wadda ke yanke wuta in ruwa ya kai zafinsa, na irin wannan samfurin a garinku. Ta hannu kuwa, wadda aka ciro daga wani gida ko otal, ban ba ka shawara ba. Cikin tanki ba ya ganuwa daga waje, kana iya sayo irin wadda kake shirin yarwa.

Ranar ɗaurawa kada ka fita. Hita mai lita 50 in ta cika nauyinta ya haura kilo 60, tana rataye a saman kan mutane. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa yadda ya kamata, sai an samu wurin da aka cika da kankare ko a sa ƙarfe ya ratsa bangon. Sannan ka sa ido a kan ɗan bawul ɗin nan da na ambata. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, bawul ɗin ne ke rage masa matsi, shi ya sa yake ɗiga. Akwai masu aikin da in maigida ya yi ƙorafin ɗigar sai su toshe bakin, ko su ƙi sa shi tun farko. Kada ka yarda ko da wasa. Ranar da na'urar kashe-kanta ta maƙale ruwa ya ci gaba da tafasa a rufaffen tanki, wannan bawul ne kawai tsakaninku da fashewa. A sa masa siririn tiyo ya kai ɗigar magudana. Kafin a kunna kuma, a buɗe famfon zafi har ruwa ya daina tofar da iska yana zuba sosai. Elimen da aka kunna a busasshen tanki ƙonewa yake yi cikin ɗan lokaci, kuma haka ne ke faruwa a gidaje da yawa duk ranar da tankin sama ya ƙare ba a sani ba.

In ruwan burtsatse kuke sha, ga wani abu da na gani da idona. Shekarun baya tawa ta fara daɗewa kafin ta yi zafi, tana wani ƙara kamar ana soya gyaɗa a yashi. Da aka zaro elimen ɗin, ban gane shi ba. Wani farin abu mai tauri kamar kanwa ya lulluɓe shi, kaurin ɗan yatsa, mai aikin yana ƙwanƙwasawa yana zubowa ɓawo-ɓawo, daga ƙasan tankin kuma aka kwaso kusan cikin kwano na irinsa. A gefensa akwai wata sanda da ta zama siririya kamar tsinken tsire. Ita ce sandar magniziyam, aikinta ta ruɓe a madadin tankin. In ta ƙare, tsatsa ta koma kan tanki. Ina kyautata zaton taka ba a taɓa buɗe ta ba cikin shekara 11, kuma ba kai kaɗai ba ne. Sabuwar, a riƙa buɗe ta duk bayan shekara ɗaya ko biyu, a wanke, a duba sandar.

Hitar bokitin nan kuwa, ina roƙonka ka ɗauke ta daga hannun iyalinka yau. Kowa ya san yadda ake yi: a tsoma ta, a tafi wani aiki, a dawo a sa yatsa a ji ko ya yi zafi ba a zare soket ba. Ko a manta ruwa ya ƙone, robar bokiti ta narke. Ko yaro mai rarrafe ya ja wayar. Kafin sabuwa ta hau, a dafa ruwa a tukunya a kan gas ko murhu a tsakar gida, kuma kai za ka riƙa ɗauko shi, ba mai ciki wata bakwai ba. Kada a shiga da gawayi banɗaki ko ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Tun da jego na tafe, in faɗi wata magana ko da ba ka tambaya ba. Na san dattawa mata za su so wankan kwana arba'in da ruwa mai zafi ƙwarai, kuma niyyarsu alheri ce. Amma a nan Zariya taku, tun shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazari a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da yawan kunun kanwa. Ka raka maiɗakinka awo ko sau ɗaya, ku tambayi ma'aikatan yadda ya dace a yi, sannan ka isar wa Hajiya cikin ladabi, a matsayin maganar likita ba taka ba. Ruwan jariri kuma kullum a fara zuba na sanyi a baho kafin na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Ruwan digiri 60 yana ƙona fatar jariri cikin daƙiƙoƙi.

Saura tsakaninka da maiɗakinka. Malam, ba son kashe kuɗi ne ya sa ta dage ba. Ita wutar ta ja, da cikinka a jikinta, kuma tun ranar duk shigarta banɗakin nan da fargaba take yi. Kai ma ba rowa kake yi ba, albashi ɗaya kake raba wa buƙatu huɗu. Amma ina jin har yau ba ta ji daga bakinka cewa abin ya tsorata ka ba, lissafi kawai take ji. Fara da wannan. Bayan isha'i ka zauna da ita da takarda da biro, ka nuna mata an cire wutar, ga abin da at da bireka za su ci, ga na lita 50, ga dalilin da ya sa ba 80 ba, ga abin da ya rage na asibiti. Kuɗin asibiti kada a taɓa shi. In wani abu zai ragu, a rage daga hidimar suna, rago matsakaici ya wadatar, kuma ina da yaƙinin ita da kanta za ta nuna maka inda za a tsuke. In har kuɗin bai kai duka ba, a yi wayarin wannan watan, hita ta biyo baya a albashin gaba, in ya so a sauko lita 30. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka bari sai naƙuda ta taso sanyi ya kankama kana neman mai famfo.

Hajiya kuma kada ta jira duk wannan. Sayo mata babban filas gobe, a cika shi da daddare a ajiye kusa da butarta, ta sirka da asuba ba sai ta tashi kowa ba. Ka gaishe mini da ita. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya.